Ranar da Inna Ta Sa Na Buɗe Roba Ɗaya

Tun safe nake zaune a kasuwar Ƙanƙara, na jera man gyaɗa a sababbin robobi, kowace an liƙe bakinta gam, kamar yadda na ga 'yan birni na yi a waya. Jarina kaf na zuba a ciki.

Har azahar ko tayi ba a yi mani ba. Sai a kalla a wuce.

Wata tsohuwa mai daddawa a gefena ta gaji da ganin na haɗe rai.

"Ɗiyata, wa ya yi man nan?"

"Ni ce, Inna, da hannuna."

"Shi ne kika rufe shi kamar na kanti? Mu nan sai hanci ya yarda hannu ke shiga aljihu. Buɗe ɗaya!"

Na buɗe ba don raina ya so ba. Wallahi ƙamshin na tashi wani mai babur ya taka birki. Kafin la'asar komai ya ƙare, har wadda na buɗe.

Ashe kuɗi na kashe na ɓoye abin da ya fi kyau a kayana! Ku fa, me kuka liƙe wa baki a sana'arku?