Rawanin da ya tare mana hanyar Madani

Shekarun baya, mahaifina yana ɗan majalisar wilayarmu, wato jiharmu, ta Jazira, ni kuma ina makaranta a Madani. Cikin wani azumi 'yan majalisa suka sa zama a Madani bayan shan ruwa don su tsayar da wanda zai shugabance su. Sunan Baba na ciki, kuma an gaya masa wanda bai zo ba, a cire shi.

Mun bar ƙauyenmu na kusa da Managil, inda na zo hutu, a makare, domin sai da ya tsaya ya ga ruwa ya shiga gonar audugarsa. Ina kujerar baya ina kallon rana tana narkewa cikin magudanar ruwa, har na fara tsara waƙar da zan karanta ranar rantsar da shi. Haka nake, ba a haifi ɗa ba na gama raɗa suna.

Dab da magariba muka iske dattawan wani ƙauye sun warware rawani sun miƙe shi a kan titi. A wajenmu, matafiyi ba ya wuce gari a lokacin buɗa-baki.

Direbanmu ya leƙa ya roƙi babbansu. "Baba, ku yi haƙuri, majalisa ke jiranmu."

"Majalisa ta yi azumi ko ba ta yi ba?" in ji wani tsoho. "Na rantse da igiyar aurena, motar ga ba ta wucewa!"

Direba ya juyo wajen mahaifina ya rage murya. "Ustaz, in ratsa ta gona?"

Baba ya yi dariya ya buɗe ƙofa. "Kana so a saki tsohuwa saboda kujera? Kashe mota. Sauko, ɗiyata."

Mata suka ja ni cikin gida. Aka ba ni dabino da hilu-mur, jan abin shan azumi mai sanyi, ina sha hawaye na zuba a kofin, don a ganina kujerar Baba ta tafi. Matar tsohon ta dafa ni, ta turo mini akushin tuwo. "Ci asida, yarinya. Duk shekara sai ya sake ni a kan titin nan, ga ni dai."

Da na fito bayan salla, motoci sun ƙaru. A kan tabarma ɗaya da Baba na ga wasu 'yan majalisa, hannu cikin akushi, har da wanda bai taɓa amsa masa gaisuwa da fara'a ba. Su ma an kama su. Ashe sauran ma kowa na tsare a wani ƙauye. Ba a fara zaman ba sai da aka taru, kuma waɗanda suka ci tare da shi su ne suka fara ɗaga masa hannu.

Ya shugabanci majalisa wasu shekaru, ya sauka lafiya, ya koma gonarsa. Har yau idan hanya ta tsayar da ni ina cikin sauri, ba na saurin kuka. Nakan duba in ga wa aka tsayar tare da ni.