Shawul ɗin da Dije ta warware

Har yau ban manta da safiyar Larabar da na zazzage ledar Dije a kan tebur ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka fara koyarwa bana kuna ta tambayata dalilin da ya sa nake jan kowace ɗaliba gefe kafin in ba ta aikin jarrabawa. To ku gyara zama ku ji.

A lokacin ni ce malamar saƙa a wata cibiyar koya wa mata sana'a a cikin garin Haɗejiya. Sama da ni akwai shugabar cibiya, Hajiya Binta, sai kuma jami'ar da ake turo mana daga Dutse a ƙarshen kowane zango don ta duba aikin ɗalibai. Tsarin shi ne kowace ɗaliba ta saƙa abu guda babba da hannunta. Aikin ba ya fita daga cibiya, don kada wata ta kai gida a taya ta. Idan an tashi, kowa ta sa nata a leda, a zuba a akwatin ƙarfe a kulle. Wadda jami'a ta ga aikinta ta gamsu, ita ke samun takardar shaida da kayan fara sana'a, har ta iya buɗe aji a garinsu. Wadda ba ta da aiki a kan tebur ba ta da takarda, ko 'yar wace ce.

Ni kuma kun san halina. Ba banza ɗalibai suka sa mini Malama Warware ba. Ido ɗaya na saƙa in na ga an tsallake, sai a warware a koma baya, ko da an yi nisa. Mata nawa suka yi kuka a ajina, ban ƙirga ba.

Dije kaɗai ce ban taɓa sa ta warware komai ba. Daga wani ƙauye take a bayan Auyo, gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noman shinkafa. Daminar shekarar ruwa ya cinye hanyarsu, don haka sai ta shiga kwale-kwale ta tsallako, sannan ta hau acaɓa zuwa gari. Takan shigo aji gefen zaninta a jiƙe, ta gaishe ni, ta ɗauki kwarashinta. Ba ta da surutu. Burinta ɗaya, ta samu takardar nan ta tara matan ƙauyensu ta koya musu, don in ruwa ya rufe gonaki ba abin da suke yi sai zama.

Tana da ciki, na fari. Duk ajin mun sani, hijabi ba ya ɓoye komai in abu ya yi nisa, amma ba wadda ta taɓa furtawa. Da aka zo zaɓen aikin jarrabawa ta ce shawul ɗin jariri za ta yi.

Na ce, "Na wa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na maƙwabciyarmu ne, Malama."

Matan aji suka ƙunshe dariya, ni ma na gimtse fuska na ce Allah ya sauki maƙwabciya lafiya. Na ba ta wani zane da na daɗe da fitarwa ban sami mai iya shi ba, furen bado fari a kan kore, irin wanda ke rufe ruwan fadama. Kusan wata biyu tana kansa. Da ya kusa ƙarewa, har malaman ɗinki sukan leƙo su gani. Ni da na zana shi, wallahi ban saƙa shi da kyau haka ba.

Jami'a za ta zo ranar Alhamis, bikin yaye ɗalibai kuma Asabar. Ranar Talata na fita neman kujerun haya, na bar ajin a hannun Hajiya Binta, ita ta kulle akwati. Washegari na zo da wuri don in jera kaya. Na ɗauko ledar Dije na ji ta wani iri a hannu, na zazzage. Sai ga dunƙulen ulu suna gangarowa, fari da kore, wani ya faɗi ƙasa ya yi ƙarƙashin benci. Babu shawul, ko kusurwa guda ba a bari ba. Zaren duk ya kanannaɗe kamar gashin da aka tsefe.

Na yi salati da ƙarfi har mai shara ta ruga ta shigo. Na zauna a kan benci ina kallon ulun nan. Daga nan kuma sai raina ya ɓaci. Ɗalibai na shigowa na rufe ƙofa na ce yau ba mai fita sai an gaya mini wace marar tsoron Allah ce ta yi wa baiwar Allah wannan aika-aika. Na faɗi maganganu, na kira hassada da sunanta. Kowa idonta a ƙasa. Dije ba ta iso ba tukuna.

Ina cikin faɗan na ɗauki dunƙule ɗaya ina juyawa, sai na lura da wani abu. Kun san idan an gama saƙa, ana cusa bakin zare cikin aikin a ɓoye shi, kuma kowace masaƙiya da inda take ɓoye nata. Mai mugunta ba ta tsayawa nema, almakashi take sawa. Wannan kuwa ba a yanke ko'ina ba. An zaro kowane bakin zare daga maɓoyarsa, an warware a hankali, an naɗe kowane launi daban. Mutum ɗaya ce a duniya ta san inda bakin zaren nan yake.

Tana shigowa na ja ta ofis na rufe.

"Dije, ke kika warware?"

"Ni ce, Malama."

"Kina cikin hankalinki? Gobe fa jami'a za ta zo! Wata biyu! Duk ruwan da kika tsallako?"

Ta shiga murza bakin hijabinta. Sai da na sassauta murya sannan ta ba ni labari. Jiya da ba na nan, Hajiya ta zo gwajin yadda biki zai gudana. Ta ɗaga shawul ɗin ta yi ta yabo, sannan ta ce ranar Asabar sunan Dije za ta fara kira, za ta nuna wa jama'a shawul ɗin ta ce ga uwa ta saƙa wa ɗan da ke cikinta da hannunta. Ta ƙara da cewa ta riga ta aika a gayyato mahaifin Dije da surukanta, a layin gaba za su zauna. Da aka tashi Dije ta ce tana jiran mai acaɓa, ta zauna a bayan aji ta warware, ta mayar da ledar cikin sauran kafin Hajiya ta kulle akwati.

Na ce, "To me ya hana ki ce wa Hajiya kada ta faɗa?"

Ta ce, "Malama, da wane bakin? In ce mata kada ta faɗi me?"

Nan na gane abin da take nufi. Kafin ta roƙi a rufa mata asiri, sai ta fara yarda da bakinta cewa akwai cikin, kuma shi take yi wa tanadi. A gidansu mace ba ta nuna ta san da cikin fari, balle a ce ta zauna tana yi masa ado. Ɗan fari ko sunansa ba ta kira, ba ta ɗaukarsa a gaban manya. A ce an tsayar da ita gaban mahaifinta da surukinta, da lasifika, ana nuna abin da ta saƙa wa ɗanta? Ta ce gara ruwan fadama ya tafi da ita.

"Takardar fa?"

"Allah ya sa rabona ce, Malama, zan dawo."

Ba hawaye a idonta. Ni ce ma na ji nawa suna neman zubowa, don haushi da tausayi.

Hajiya Binta mutuniyar kirki ce, a Legas ta tashi inda mahaifinta ya yi aiki, kuma da zuciya ɗaya ta yi abin da ta yi. Da na gaya mata, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Malama, ni fa ɗaukaka ta na so in yi." Ta tambayi ɗalibai me ya sa ba wadda ta tsayar da ita. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "Hajiya, a gabanta za mu yi maganar? Ai da mun ƙara mata."

Ranar Alhamis ni da Hajiya muka tari jami'a da dunƙulen ulu muka yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta yarda da mu, ita ma 'yar gida ce ta san wannan kunyar, amma ba za ta sa hannu a kan aikin da idonta bai gani ba. Ban ga laifinta ba. Ranar Asabar aka kira sunan kowa ban da Dije, ita kuma ba ta zo ba.

Ulun ya zauna a akwati har muka ji ta sauka, an sami namiji. Na kira matan ajin na ce abin da uwa ba za ta yi wa ɗanta ba, ai ƙawayenta za su iya. Muka raba furannin, kowa ta saƙa nata, ni na haɗa cikin gaggawa. Ranar suna muka hau acaɓa muka shiga kwale-kwale, ni da ban taɓa shiga ba ina ta addu'a na riƙe ledar a ƙirji. A gidan iyayenta muka same ta, ɗaki cike da mata. Na miƙa wa goggonta shawul na ce gudummawar aji ce. Aka yi ta shi mana albarka, surukarta da kanta ta naɗe jaririn a ciki. Dije ta juya fuska bango, ko kallo ba ta yi ba, ko godiya. Na ɗan ji zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Sai da muka tashi tafiya, na sunkuya ina neman takalmina a bakin ƙofa, na ji an ja mini mayafi. Dije ce, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, a kusurwar hagu an tsallake ido ɗaya." Ni na haɗa kusurwar nan da hannuna.

Zango na gaba ta dawo, ƙanwar mijinta na goye da yaron. Ta saƙa wa surukinta rigar sanyi da hula, ta ci jarrabawa, yanzu tana da ajinta a ƙauye. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu kan ulu da kwarashi muke sa ido, amma kowace mace tana shigowa aji da gidansu a tare da ita. Shi ya sa kafin in ba ɗaliba aiki nake tambayarta a keɓe wa za a nuna wa, kuma me ba ta so a faɗa.

Ranar da ta zo karɓar takarda, yaron na naɗe cikin shawul ɗin. Na ɗaga kusurwar hagu na duba, na ga an warware ta an sake, ba ido ɗaya da ya ɓata. Na ce, "Dije, wa ya gyara wannan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maƙwabciyarmu ce, Malama."