Darlene Ta Faɗa Musu Gaskiya

Kamfanin katin bashi ya cinye wa Darlene Kovach makin da ta yi shekara goma sha tara tana tarawa, a daidai satin da take bukatarsa, saboda ta ɗaga waya da hannunta ta faɗa musu mijinta ya rasu. A gabana aka yi. Ina tsaye a kicin ɗinta ina wanke kofunan 'yan gaisuwa.

Shekararmu ashirin da biyu muna aiki tare a kicin ɗin makarantar firamare ta garinmu, nan jihar Ohio ta Amurka. Ita ke kan tukunya, ni ke zuba wa yara. Babanta ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, kamar baban kowa a nan. Tana da sha huɗu uwarsu ta rasu, ta bar mata ƙanwarta Nadine mai shekara biyar. Darlene ce ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta, ta aurar da ita. Mijin ya ɗauke Nadine zuwa Oregon, can ƙarshen ƙasa bakin teku. Tun daga nan sai waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

Lokacin da Darlene ta auri Floyd, banki ba ya ba matar aure kati sai da sa hannun miji. Sai aka buɗe asusun da sunan Floyd, ita aka ba ta kati na biyu. Zamani ya canza, su ba su canza sunan asusun ba, don ba wanda ya ce musu akwai matsala. Masana'anta ta rufe, ƙashin bayan Floyd ya lalace, ya zauna a gida. Daga albashin Darlene ake biyan katin nan kowane wata, kuma ba ta taɓa makara ko da kwana ɗaya ba.

Da kamfanin ya fito da tsarin maki, wato duk dalar da ka kashe a ba ka maki ɗaya, in ya taru ka karɓi tikitin jirgi, Darlene ta riƙe abin kamar ibada, don ta je ganin Nadine. Burodi da kati, man mota da kati, maganin Floyd da kati. Mukan tsokane ta a wurin aiki. Sai in ce:

"Darlene, yau Oregon ta matso mil nawa?"

"Na sayi kabeji biyu, Glenda. Mun wuce gadar bakin gari."

Makin ya isa tun tuni. Amma wa za ta bar wa Floyd, mutumin da ko safa ba ya iya sa wa kansa?

In za ta yi magana da kamfanin, suna da yadda suke yi. Ta kira, ta jira a layi, in mutum ya ɗauka ta miƙa wa Floyd waya ya ce, "Ni ne Floyd Kovach, ku yi magana da shugabata." Ya mayar mata, ya koma kallon ƙwallonsa. Iyakar aikinsa a asusun nan ke nan tsawon shekaru.

Floyd ya rasu farkon Disamba. Kwana huɗu da binne shi, Curtis mijin Nadine ya kira daga Oregon. Ya ce likitoci sun daina ba Nadine maganin ciwon dajin da take fama da shi, sun ce saura mata sati biyu, in ta yi tsawon rai uku. Ya ce kullum tana tambayar yayarta.

Darlene ba ta da kuɗi, jana'iza ta lashe komai. Amma tana da maki, har na tikiti biyu. Mijina Wendell yana wurin, ya zo share mata ƙanƙarar ƙofar gida. Ya ce, "Ba ni wayar, Darlene. In ce ni ne Floyd, su sayar miki da tikitinki, in kin dawo kya faɗa musu."

"Kai? Da wannan muryar taka kamar tsohuwar ƙofa?"

"Shi Floyd ɗin mawaƙi ne? Ba su san muryar kowa ba."

Ta girgiza kai. "Mutumin nan ko ciyawa ba ta fito a kabarinsa ba, ba zan sa shi ƙarya ba. Shekara nawa ina tare da mutanen nan? Sun san ni."

Na goyi bayanta. Na ce wa Wendell ya rufe bakinsa ya je ya ƙarasa shararsa. Har yau abin yana ci na.

Yarinyar da ta ɗauki wayar tana da ladabi. Ta ce, "Ina yi miki ta'aziyya, Madam," muna jin yatsunta suna ta danne-danne. Kafin ta gama ta'aziyyar ta rufe asusun. Darlene ta ce to makin fa? Ta ce a aiko da takardar shaidar mutuwa, wani sashe zai duba, a jira kwana bakwai zuwa goma na aiki.

"'Yar nan, ƙanwata ba ta da kwana goma na aiki."

"Na fahimta, Madam. Zan rubuta a kai cewa na gaggawa ne."

Darlene ta yarda. Wannan shi ne abin da ba zan yafe musu ba. Da sun ce mata a'a a ranar, da a ranar muka nemi wata hanya. Amma suka bar ta tana jira. Kullum da hutun rana tana tsaye bayan ɗakin sanyi na kicin ɗin makaranta da waya a kunne, kiɗansu na jira yana tashi, ga hularta ta aiki a kai. Kullum sabon mutum, kullum ta faro labarin daga farko, kullum a yi mata ta'aziyya.

Rana ta goma sha ɗaya wani namiji ya gaya mata hukuncin. Makin na mai asusu ne, da mai asusu ya mutu makin ya mutu, yana nan a shafi na sha huɗu na yarjejeniya.

Darlene ta ce, "To bashin fa? Akwatin gawarsa da katin na saya. Shi ma ya mutu tare da shi?"

"A'a, Madam, wannan za a biya. Kuma ya kamata in sanar da ke, ba a yarda a yi amfani da kati bayan mai shi ya rasu ba."

Ta ce to su buɗe mata nata katin ta sayi tikiti, ta biya a hankali. Ya duba, ya ce ba za su iya ba, ba ta da tarihin biyan bashi da sunanta. Matar da ta fi shekara arba'in tana aika musu kuɗi.

Satin Kirsimeti ne, tikitin jirgi ya haura dala dubu. Mu ma'aikatan kicin mu bakwai muka haɗa abin da ya samu, matan coci suka ƙara. Kuɗin ya isa tikitin bas, ba na jirgi ba. Tafiyar kwana uku ce. Na kai ta tasha da kaina, da gwangwanin biskit ɗin gyaɗa da ta gasa wa Nadine, ko da yake Curtis ya ce ta daina cin komai.

Rana ta biyu da la'asar, suna tsakiyar jihar Montana, Curtis ya kira ta. Daga baya ta ce da ni ba ta yi kuka a motar ba, don akwai yara a kujerar gaba. Ta zauna sauran kwana ɗayan da gwangwanin a cinya, ta isa ta tarar ana zaɓen rigar da za a sa wa gawa.

Ta dawo aiki bayan sabuwar shekara. Tana da shekara sittin da tara, tana nan kan tukunya, tana biyan kuɗin akwatin kaɗan-kaɗan. Ba ta magana a kan abin. Ni ce nake yi, tun da ita ba za ta yi ba.

Ku masu kamfanin nan, kun san kanku, kuna da lambar asusun. Ku buɗe takardunku ku ga sa hannun wa ke kan cek ɗin da kuka yi ta karɓa kowane wata. Ku mayar wa Darlene Kovach makinta da sunanta, ko ba ta da wurin zuwa da shi. Ku cire wannan layin daga shafi na sha huɗu. Kuma duk bazawarar da ta kira ku gobe, in amsarku a'a ce, ku faɗa mata a ranar.