Golan da ba shi da kaya

Kulob ɗin wata masana'anta a Dubai Investments Park ne ya ɗauko ni daga Kaduna a kwantiragin farko, in tsare musu raga a wasan hoki. Da safe ina ɗaga kwalaye a sito, da yamma in tsaya gaban ƙwallo mai taurin dutse. Bizata a hannunsu take, haka ma kayan gola: hular kwano, sulken ƙirji da manyan makaran ƙafa. Sun sha gumina har na manta ba nawa ba ne.

Da wa'adi ya cika, manaja ya ce khalas, wato shi ke nan, na zama ɗan kaina, in nemi kulob ɗin da nake so. Abokan wasa har murna suka taya ni. Ai dole, su kowa da sandarsa yake tafiya. Ni kuwa mai kula da kaya ya karɓe jakar kayan golan a bakin ƙofa.

Biza na gab da ƙarewa wani kulob a Sharjah ya kira ni gwaji, wai in zo da kayana. In ba su ɗauke ni ba, sai gida. Na leƙa shagon kayan wasanni, na ga farashi, na fito sumui-sumui.

Wani Alhaji ɗan Kano da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al Nahda, wanda kullum yake tsokanata da wasan gora, ya kawo mini soson naɗe kaya da salatif daga kasuwar Naif.

"Ɗan'uwa, da wannan nake aika faranti har Kano, ko ɗaya bai taɓa fashewa ba."

Shi ya naɗe mini ƙafafun da hannunsa. A filin gwajin, hula da sulke kocin kulob ɗin ya ara mini, yana ta kallon soson.

Ƙwallo ta farko na tare ta da ƙauri. Zafin ya haura har haƙorana, amma na tsaya. Da aka bugo ta biyu na ga inda ta nufa sarai, na san abin yi, sai ƙafar ta kauce da kanta. Tun ina yaro ba ta taɓa yi mini haka ba. Ban ma ji haushinta ba, gajiya kawai na ji.

Kocin ya dafa kafaɗata, ya ce inshallah za su kira. Ya miƙo hannu, na cire hular na ba shi.