Malam Hammawa Kafinta da Ƙusar Bulkachuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2008, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Hammawa kafinta a gidansa da ke Azare, bayan jinyar wata biyu. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Yaya Hammawa, jama'a za su tuna ƙofofin masallacin unguwa da ka yi kyauta. Ni kuwa, abokin sana'arka, akwai maganar da ka hana ni faɗa shekara huɗu.

A 2004 ka sayo bindigar ƙusa mai aiki da iska daga Kano. Ka nuna mana kunamarta saiti biyu ne. Na farko, sai an danna bakinta a jikin katako sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. Na biyu, muddin yatsa na kan kunama, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba. Ka ce, "Na biyun ya fi sauri, amma bai san katako da mutum ba."

Muna rufin wani gida a Bulkachuwa, hadari ya haɗo, na mayar da bindigar saitin sauri ba da saninka ba. Ina saukowa, yatsana a kan kunama, kana riƙe mini tsani, bakinta ya taɓa bayan hannunka. Ƙusa mai inci uku ta shige. Yatsunka biyu ba su sake lanƙwasuwa ba.

A asibiti duk wanda ya tambaya sai ka ce tsautsayi ne. Da muka keɓe ka ce, "Abdulsamad, in aka ji, ba mai ƙara ba ka aikin rufi a ƙasar Katagum, ga ka da iyali. Ka yi shiru. Amma daga yau kai za ka riƙa koya wa mutane riƙonta."

Ka toshe saitin saurin, ka kafa doka: ba mai hawa tsani ko sauka sai ya cire tiyon iska. Wasu suka ce aikinka ya yi nawa, suka kai wa wasu kafintoci aikinsu. Ba ka sassauta ba, kuma ba a sake jin ciwo a wurinka ba.

Ranar sadakar uku na durƙusa gaban matarka, Hajiya Dijatu, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Na sani, Malam Abdulsamad. Tun ranar da aka sallamo shi ya gaya mini, ya roƙe ni kada in canza maka fuska." Kullum na zo gidan nan, da hannunta take zuba mini abinci. Na kasa ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Hammawa, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa mini, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Dijatu da 'ya'yanku Zinatu, Kellu da Bahauddeen, da dukan kafintocin Azare. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani. Amin.