Kwalbarki da Tawa, Sufeto

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙawata, mahaifiyar matar ɗana, wadda kowa ya sani da Sufeto. Shekarunta saba'in da ɗaya. A kan kujerarta ta bakin taga ta cika, tabarau na kan hancinta, ko asibiti ba a kai da ita ba. Na Allah ne mu duka, kuma inda ta je can za mu tarar da ita. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Na ɗauki biro na ajiye ya fi sau goma. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofa, in dawo, kamar mai jiran baƙo.

Sufeto, da ke zan yi magana, don ban saba yi da ke a bayan idonki ba, sai a kan abu ɗaya, kuma shi ne ya hana ni zama.

A masaƙa muka haɗu, shekara arba'in da 'yan kai. Ke kina duba yadi a ƙarƙashin fitila, ni ina ninkewa ina ɗaurewa. Zare ɗaya ya kauce sai kin gani, ki zana masa jan alli, ki dawo da bandir guda. Ranar farko sau uku kika dawo min da aikina. Na ce wa sauran matan masaƙa, ga sufeton 'yan sanda an kawo mana, sunan kuwa ya bi ki har jikokinki. Ke kuma kika sa min Gidan Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai a rage murya.

Na yi ta tsokanarki, ban taɓa ganin ƙarshen haƙurinki ba. Lokacin da maigidana ya kwanta jinyar da bai tashi ba, wata bakwai kina biyowa ta gidana kafin ki wuce aiki, ki kwashe zannuwan gado, ki dawo da su da yamma a wanke a goge. Ba ki taɓa ce min sannu da baki ba. Sai dai ki shimfiɗa zanin, ki ja gefensa har ya miƙe, ki ce nawa shimfiɗin kamar kaji sun yi dambe a kai. Da ɗana ya zo yana sosa ƙeya yana cewa autarki yake so, na ce miki shi ke nan, na ƙwace miki 'ya. Kika ce ai ke kika ci riba, tunda an samu mai gyara gidana.

Tare muka tsufa, tare ciwon suga ya kama mu, tare kuma ya fara taɓa mana ƙoda. Bara waccan ne a asibiti, hawa na uku, inda kujerun roba shuɗɗa suke jere a baranda, wata nas da muke kira Sista Mai Fayil ta ce ana gwajin wani sabon magani, ko za mu shiga. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Kowa zai ci gaba da shan maganinsa na kullum. A kan wannan, rabin mutane za a ba su sabon, rabi kuma a ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta. Na'ura ce take rabawa. Mu ba za mu san wanda muka samu ba, ita ma ba ta sani ba, likitan ma haka, sai an gama shekara uku. Na ce to wannan ai wasan ɓuya ne, har mai neman ma an rufe masa ido.

Ke ce kika karanta min takardar amincewa, shafi tara, ba ki tsallake ko layi ba, ni kuwa ina hamma. Kika ce idan kowa ya san abin da yake sha, mai sabon zai ce ya warke don murna, mai wofin ya ce ya mutu don haushi, likita kuma ya ga abin da yake so ya gani. Da na tambaye ki me za mu samu, mu da muka riga muka lalace, sai kika ce:

"Ba don ni ba ne. Sugan auta ya fara hawa. Ina so ranar da za a miƙa mata magani, a san gaskiyarsa."

Muka sa hannu. Kowane wata, ranar Alhamis ta farko, mu hau mota tare. A auna nauyi, a ɗebi jini, a karɓi fitsari, Sista ta zazzage kwalbar da muka dawo da ita ta ƙirga ragowar ƙwayoyin, ta ba mu sabuwa. Fararen kwalabe ne masu lamba. Ke ɗari da sha huɗu, ni ɗari da sha biyar. Likitan yaro ne a idona, ina kiransa angona, yana sunkuyar da kai yana dariya, ke kina zungurina da gwiwar hannu.

Shekara ta zagayo sai kumburin ƙafata ya saɓe, takalmina ya dawo yana shiga. Ke kuwa kullum baya. Hawa na ukun nan sai kin tsaya sau biyu kina haki, kina cewa wai sanarwar bango kike karantawa. Ni da iyakata aji huɗu sai na zama likita a raina. Na yanke cewa nawa ne na gaske, naki wofi. Na ce miki mu yi musanya, tunda ƙirga kawai ake yi, ba a ɗanɗanawa. Kika kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da kike wa yadi mai aibi.

"Gidan Rediyo, idan kika ƙara faɗin haka zan kai ƙararki. Mutum dubu biyu ne a cikin abin nan, ba mu biyu ba."

Ban ƙara faɗa ba. Yi na yi. A watan Nuwamba, da muka dawo daga asibiti muka sauka a gidanki, kika shiga alwala, jakunkunanmu suna kan tebur. Na juye naki a murfin kwano, na zuba nawa a kwalbarki, na zuba naki a tawa. Kafin ki fito har na goge teburin. Kika ce yau kuma wace rana, Gidan Rediyo da goge-goge. Na yi haka a Disamba, da Janairu, da Fabrairu, da farkon Maris. A wata na uku ƙafata ta ɗan sake kumbura, na ji daɗi kamar an yi min albishir, na ce ai ga shi, lafiyar ta koma wurinki. Ranar da kika ce jikinki ya ɗan yi sauƙi, saura kaɗan in faɗa miki, don in ga fuskarki. Na fasa, na ce sai kin warke sarai in yi miki gori. Ba ki warke ba.

Kwana huɗu da rasuwarki, Sista ta bugo wa auta waya ta yi gaisuwa. Ta ce duk wanda ya rasu a cikin gwajin sai an rubuta yadda abin ya faru an kai wa kwamitin da ke sa ido, kuma a dawo da kwalbarsa. Auta ta ɗauko ta ajiye a falo, a gabana. Lambarki a jiki, ƙwayoyina a ciki.

A nan zama ya gagare ni. Na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ta yi kyau ba. Idan nawa ne na gaske kuma shi ya taɓa zuciyarki, za a rubuta mutuwarki a layin masu shan wofi, maganin ya fita da farar riga, wata rana a miƙa wa autarki. Idan nawa ne wofin, to ni na cire magani daga bakinki, kuma za a rubuta cewa kin sha bai yi miki komai ba. Ko ta ina ƙarya ce, kuma da sunanki za a rubuta ta, ke da ba ki taɓa barin zare ɗaya ya wuce a karkace ba. Idan kuma na faɗa, da wace fuska zan zauna gida ɗaya da 'yarki? Kwana huɗu ina zagaye falon nan. Masu gaisuwa suna cewa kai, rashin nan ya taɓa Iya. Ni kuwa kwalba nake kewayawa.

Rana ta takwas na ce zan je kanti, na hau mota ni kaɗai zuwa asibiti. Matakalar nan ni ma sai da na tsaya sau biyu. Da likita ya gan ni ya miƙe yana murmushi, yana jiran in ce angona. Na ce masa ya zauna, ya kira Sista. Na faɗa musu duka, da watannin, da murfin kwanon. Sista ta dafe baki. Shi bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Tambaya kawai yake yi yana rubutawa: wace rana, ƙwaya nawa, ko akwai wani da ya sani. Da ya gama na tambaye shi abin da ya kai ni.

"Likita, ni na kashe ta?"

"Iya, ban sani ba. Kuma ba zan ce miki a'a don ki samu sauƙi ba."

Ya ce zuciyarki ta daɗe da rauni, takardunki sun nuna tun kafin gwajin. Kwamiti zai buɗe lambobinmu biyu, amma ko an buɗe ba lalle a iya rantsewa a kan dalili ba. Ya karɓe kwalbata, ya ce na gama shan ƙwayar, sai dai in ci gaba da zuwa awo har ƙarshe. Ke kuma ba za a goge ki ba. Za a rubuta abin da kika sha da kwanakinsa, yadda ya faru.

Washegari na sami auta a kicin tana wanke kwanuka. Na tsaya a bayanta na faɗa. Ta kashe famfo, ba ta juyo ba.

"Mama, wata biyar muna cin abinci kwano ɗaya, ba ki faɗa min ba?"

Tun daga nan tana gaishe ni, tana kawo min abinci, amma ba ta zama. Jikokinmu suna tambaya me ya same ni na daina ba su labari. Jiya ta tsaya a bakin ƙofata ta tambayi yaushe ne awona na gaba. Na ce Alhamis ta farkon wata. Ta ce ita za ta kai ni, tana da tambayoyin da za ta yi wa likitan da bakinta. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Ke ya kamata in fara roƙa.

Ki yafe min, Sufeto. So ne ya sa ni, amma ke kin hana, kuma jikinki ne, ba nawa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya saka miki da alheri a kan kowane zanin da kika wanke. Ina miƙa ta'aziyyata ga auta da yayyenta biyu, da ƙannenki, da jikokinmu, da tsofaffin matan masaƙa, da Sista da abokan zamanmu na baranda. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya sa gwajin nan ya fitar da gaskiya ga masu wannan ciwo, ko da gaskiyar a kaina za ta faɗo. Idan kuma ta faɗo, Ya ba ni ƙarfin jin ta a zaune kusa da 'yarki. Amin.