Ƙafar da Nake Duba Fili da Ita

Yau Laraba, mako biyu bayan babbar sallah. Tun damunar bara ban rubuta komai a shafin nan ba, har wasunku sun ɗauka na mutu. Ina nan. Ƙorafina ma yana nan inda yake tun kafin in yi ritaya: garin nan yana son ya ga 'ya mace ta ɗaga kofi, amma babu ruwansa da yadda take isa fili.

Ga wanda bai san ni ba, tsohon malamin motsa jiki ne ni. Na karanta abin har jami'a, a zamanin da takarda take da mutunci. Bayan ritaya na tara 'yan mata ina koya musu gudun dogon zango a filin wata firamare, wasu daga Anguwan Rogo, wasu daga unguwar Congo-Russia, duk a nan cikin Jos.

Iyaye ba sa sakin 'ya'yansu haka kawai. Ni nake bi gida-gida bayan la'asar in ɗauko su, in mayar da kowace ƙofar gidansu kafin magariba. Sharaɗin ke nan. Na sha zuwa ofishin da na yi wa aiki ina roƙon su ba ni mace mai horarwa, ta riƙa raka ni har iyaye su saba da ita. Amsar ɗaya ce: "Baba, oga bai shigo ba, ka dawo."

Yawancin yaran ba su da takalmin gudu. Don haka kafin su fara sai in cire nawa in zaga filin, in ji da tafin ƙafa inda kwalba ko ƙusa take, in tsince. Ido yakan tsallake fasasshiyar kwalba a cikin ciyawa, ƙafa ba ta tsallakewa.

Ashe ƙafar ta daina ji.

Da ƙishirwa abin ya fara, sai yawan fitsari, sai rama. Na ce tsufa ne. Ƙafafuna suka zama kamar na sa safa mai kauri, na ce sanyin Jos ne.

Wata yamma Zulai, wadda ta fi kowa gudu a cikinsu, ta tsaya ta ce, "Baba Koci, jini ne a bayanka." Na waiga na ga sawuna ja a ƙasa. Kwalba ta shige tafin ƙafata ta hagu, ban ji komai ba.

Mai kemis ya wanke ya ɗaure. Na ci gaba da zagayen gidaje da ɗingishi, domin zaɓen 'yan gudun jiha ya matso, kuma na san Zulai za ta shiga idan ta je.

Sai ciwon ya fara wari. Matata Hajara ta ce, "Malam, ko ka tashi da kanka, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kamar buhu."

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙafar. Ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. Likitan, yaron da bai kai ɗana ba, ya ce, "Baba, mai suga ko a ɗakinsa ba ya yawo ba takalmi."

An fara da yanke yatsun ƙafar da suka yi baƙi. Kullum da safe nas ta zo wankin ciwo, sai allurar insulin, sai a huda yatsa a gwada suga. Auduga, bandeji, jini, duk mu muke saya. Hajara ta sayar da keken ɗinkinta ba ta gaya min ba.

Mutumin gadon da ke kusa da nawa muna hira da shi da hantsi, kafin azahar an lulluɓe shi. Ranar na ji tsoro.

Baƙin da ya kama ƙafar ya ci gaba da hawa. Likita ya ce, "Ko ƙafar, ko kai." Na sa hannu.

Bayan tiyata Zulai ta zo duba ni tare da mahaifiyarta. Na tambaye ta atisaye, ta sunkuyar da kai. Na kira mahaifinta, Malam Iliya tela, daga kan gadon. Ya ce, "Malam, ba ƙin ka nake ba. Kai na ba amana. Nuna min wanda zai kawo min ita ƙofa, gobe ta fita."

Ba ni da wanda zan nuna.

Na kira tsofaffin ɗalibaina, masu ofis da motoci. Sun turo min addu'a ta waya. Ɗaya ta ce za ta riƙe yaran, ta je sau ɗaya, iyaye ba su san fuskarta ba, ba ta koma ba.

An yi zaɓen ina koyon tafiya da sanda a barandar asibiti. Zulai ba ta je ba.

Yanzu ciwon ya warke, suga ya sauka, ina jiran ƙafar roba. Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da nas ɗin da ba ta taɓa toshe hanci a gabana ba, da maƙwabcina mai keke napep da yake kai ni ganin likita.

Idan ƙishirwa da fitsari sun dame ka, je a gwada suga. Duba tafin ƙafarka kullum, ko da madubi ne. Kai kuma mai koyar da 'yan mata wasa, kada ka zama kai kaɗai iyaye suka sani. Ka shigo da mata, ka kai su gidajen tun kana da lafiya. Mai hali ya sayi takalmi ya ba yaran.

An yanke min ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. A cikin yaran nan babu wadda take gudu yanzu.